Yadda ake zaɓar firosesa tsakanin Intel, AMD da sauransu

Duk mai shirin sayen kwamfuta, ko mai son haɗa ta da hannunsa, tambayar da yake fara yi ita ce: Intel ko AMD? Wani zai ce masa Intel ne mai ƙarko, AMD zafi yake yi. Wani kuma zai rantse masa cewa AMD ya daɗe da yi wa Intel fintinkau. Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai gaskiyar ta shekaru daban-daban ce. An kafa Intel a 1968, AMD a 1969, dukansu a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tun daga lokacin yau wannan ne a gaba, gobe wancan. A 2003 AMD ne ya fito da tsarin 64-bit ɗin da Intel ya zo ya bi sahu. A 2011 AMD ɗin ya fitar da jerin FX masu zuƙar wuta alhali aikinsu bai taka kara ya karya ba, abin da ya ƙara kafa maganar zafin nan a bakin mutane. A 2017 Ryzen ya fito, lissafi ya sake canzawa.

Don haka sunan kamfani kaɗai ba zai gaya maka komai ba. Abin da za ka saya firosesa ɗaya ne tak, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke yin lissafi, mai lambarsa da shekararsa, kuma shi za ka auna da aikin da ke gabanka. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: rubuta aikin da za ka ba kwamfutar

Ɗauki takarda ka rubuta manhajoji uku ko huɗu da ka fi buɗewa, da sunayensu. Kada ka rubuta "aikin ofis" kawai, rubuta Word, Excel, Chrome da shafuka kamar ashirin a buɗe, Zoom. Idan gyaran bidiyo kake yi, rubuta Premiere Pro ne ko DaVinci Resolve, da irin kyamarar da kake ɗauka da ita. Idan gem ne, rubuta sunayen gem ɗin da girman allon da za ka buga a kai. Wannan takarda ita ce alƙalinka a duk matakan da ke tafe, ita ce kuma za ta hana mai sayarwa ya ɗora maka abin da ya fi ƙarfin buƙatarka.

Mataki na biyu: tantance ko Apple da Qualcomm suna cikin lissafinka

Firosesoshin Intel da AMD harshe ɗaya suke ji, wanda ake kira x86, ya samo asali daga Intel 8086 na 1978. Duk manhajar Windows da ta yi aiki a kan ɗaya za ta yi a kan ɗayan. Masu cewa wata manhaja ba ta hawa kan AMD galibi tsohon labari suke maimaitawa.

Apple da Qualcomm kuwa tsarin ARM suke bi. Apple ya fara sa nasa firosesan, M1, a kwamfutocin Mac a Nuwamban 2020, Qualcomm kuma ya shigo da Snapdragon X cikin laftof ɗin Windows a tsakiyar 2024. Abin da suka fi shahara da shi riƙon caji ne da ƙarancin zafi, MacBook Air ma ko fanka babu a cikinta. Amma manhajar da aka rubuta don x86 sai an fassara musu ita tana cikin aiki, Apple da Rosetta 2, Windows da Prism. Yawancin manhajoji suna tafiya lafiya ta wannan hanya. Inda ake cin karo da matsala shi ne tsofaffin direbobin firinta da sikana (manhajojin da ke haɗa su da kwamfuta), wasu manhajojin ƙwararru, da gem ɗin da ke da tsarin hana maguɗi. Duba takardarka: idan akwai manhaja ko da ɗaya da abincinka ya dogara da ita, shiga shafin masu ita ka ga ko sun ambaci ARM. In ba su ambata ba, tsaya kan Intel ko AMD. Ka kuma sani cewa firosesan Apple ba a sayar da shi shi kaɗai, sai a cikin Mac, kuma RAM ɗinsa, wato ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kai, a manne yake, abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna.

Mataki na uku: koyi karanta sunan firosesa

A nan aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ɗauki Intel Core i5-12400F. Wannan i5 ɗin matsayi ne a cikin gida: i3 na ƙasa, i5 na tsakiya, i7 da i9 na sama. Lambobi biyun farko, 12, su ne zubin da ya fito a ciki, wato zubi na goma sha biyu. Sauran lambar, 400, matsayinsa ne tsakanin 'yan zubinsu. Harafin ƙarshe kuma yana da nasa saƙon. F na nufin babu sashen nuna hoto a cikinsa, in ba ka sa katin girafik daban ba allonka baƙi ƙirin zai tsaya. K na nufin a buɗe yake, ana iya ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya saita. A laftof, U mai tsimin batir ne, H mai ƙarfi ne, HX kuma kusan na tebur ne aka cusa a laftof.

Zubi ya fi matsayi muhimmanci, kuma ga misali ƙarara. Core i7-7500U, ɗan zubi na bakwai wanda ya fito a 2016, ƙwaya biyu ce masu yin aiki a cikinsa, wato abin da za ka ga an rubuta cores a jikin takardar bayani. Core i5-8250U, ɗan zubi na takwas da ya biyo bayansa da shekara ɗaya, ƙwaya huɗu gare shi. Mutum zai ga tambarin i7 a jikin laftof ya biya kuɗi mai yawa, alhali i5 ɗin da ke kusa da ita ya ninka ta yawan ƙwaya. Ƙari a kan haka, Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, a AMD kuma daga Ryzen 2000, sai 'yan tsirarun da aka keɓe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ke nan wancan i7 ɗin na zubi na bakwai ya riga ya faɗa bayan layi. Duk wanda ya ce maka "Core i7 ce" ya yi shiru, ka ce ya ƙarasa lambar.

Daga ƙarshen 2023 Intel ya fara yar da harafin i, ya koma Core Ultra 5, 7 da 9. Core Ultra 7 155H na jeri na farko ne, Core Ultra 9 285K na jeri na biyu. Akwai kuma waɗanda ake kira Core 5 ko Core 7 ba tare da Ultra ba, kamar Core 7 150U, waɗanda cikinsu tsohon ƙira ne aka sabunta wa suna. Sunayen Celeron da Pentium, na ƙananan firosesoshin Intel, su ma an janye su daga sababbin laftof, yanzu za ka ga Intel Processor N100 da makamantansa. Waɗannan don aiki mara nauyi aka yi su, karatu, rubutu, kallon bidiyo, kuma a wannan iyakar ba su da laifi.

A ɓangaren AMD, Ryzen 3, 5, 7 da 9 su ne matsayi. A na tebur lambar farko ita ce jeri: 5600 ɗan jerin 5000 ne, 7600 ɗan jerin 7000. X na nufin an ɗan ƙara masa gudu. G na nufin yana da sashen hoto mai ɗan ƙarfi. Ryzen 5 5600 ba shi da sashen hoto ko kaɗan, 5600G yana da shi, amma an rage masa kash, ɗan ma'ajin da ke cikin firosesa, daga megabait 32 zuwa 16, don haka ba firosesa ɗaya ba ne da aka ƙara wa kyauta. Daga jerin 7000 yawancin na tebur suna zuwa da ɗan ƙaramin sashen hoto wanda ya isa aikin ofis.

Tarkon AMD yana cikin laftof na jerin 7000. A can lambar farko shekarar fitowa take nunawa, ta uku ce ke faɗin ƙirar da ke ciki. Ryzen 5 7520U ƙirar Zen 2 ce, wadda ta fara fitowa a 2019. 7530U Zen 3 ne. 7640U shi ne Zen 4. Sunaye uku masu kama da juna, tsakaninsu akwai tazarar shekaru. A ganina wannan salon suna bai kyautata wa mai saye ba, kuma maganinsa ɗaya ne: kwafi cikakkiyar lambar ka nema a shafin kamfanin da kansa, ka ga ƙirar da shekarar.

Mataki na huɗu: ƙwaya, gudu da kash

Lambar gigahaz, wato yawan bugun da firosesa ke yi a daƙiƙa, ita ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi ruɗarwa. Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8 tun 2004, amma ƙaramin firosesan laftof na yau zai bar shi a baya nesa ba kusa ba, domin abin da ake gamawa a kowane bugu ya ƙaru sosai. Gwada gigahaz yana da ma'ana ne kawai tsakanin firosesoshi biyu 'yan ƙira ɗaya. Tsakanin Intel da AMD ba shi da amfani.

Yawan ƙwaya ma sai an yi hattara. Ka ɗauke su tamkar ma'aikata a wurin gini: in aikin yana rabuwa, kamar fitar da bidiyo ko haɗa babbar manhaja, yawansu yana rage lokaci. In kuwa aiki ne da sai an gama wannan za a fara wancan, ƙwararre ɗaya mai sauri ya fi goma da ke tsaye suna jira. Yawancin aikin yau da kullum da gem da yawa sun fi karkata ga na biyun.

Tun zubi na goma sha biyu a 2021, Intel ya fara gauraya ƙwaya iri biyu, manya masu ƙarfi da ake kira P da ƙanana masu tsimin wuta da ake kira E. Core i5-13600K ƙwaya 14 gare shi, amma 6 ne manya, 8 ƙanana. Ryzen 5 7600 ƙwaya 6 ne, duka manya. Saboda haka 14 da 6 ɗin nan ba su nufin ninki biyu da ɗoriya. A aikin da ke rabuwa, ƙananan suna taimakawa ƙwarai har Intel ɗin ya wuce gaba. A gem tazarar ba ta da yawa.

Sai kash, ɗan ma'ajin da ke cikin firosesa inda yake ajiye abin da zai buƙata nan take. Ga masu gem, wannan ne ya sauya kasuwa. A 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D, inda ya ɗora ƙarin kash a saman firosesan. Dubi 7700X da 7800X3D: dukansu ƙwaya takwas, na farkon yana kai gigahaz 5.4, na biyun 5.0, amma na farkon kash ɗinsa megabait 32 ne, na biyun 96. A yawancin gem mai ƙarancin gigahaz ɗin ne ke cin nasara. A fitar da bidiyo kuwa wannan kash ɗin ba ya ƙara abin a zo a gani. In gem ne babban aikinka kuma kana da katin girafik mai ƙarfi, jerin X3D ne zan fara nuna maka. In katin naka matsakaici ne, rage kuɗin firosesa ka ƙara a kati, domin shi ne zai fara gazawa.

Masu gyaran bidiyo su ma akwai abin da ya shafe su. Sashen hoton Intel yana ɗauke da Quick Sync tun 2011, wanda ke sauƙaƙa buɗewa da matse bidiyo, har da wasu nau'o'in tsarin bidiyo na HEVC masu nauyi da kyamarorin zamani ke ɗauka. Mai wannan sana'a da ya sayi Intel mai harafin F don rangwame ya yar da abin da ya fi buƙata.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin gidan gaba ɗaya

Wannan na masu haɗa kwamfutar tebur ne. Firosesa ba ya zama shi kaɗai, sai da madabod, babban allon da ake haɗa komai a kai, mai soket (mazaunin firosesa) da ya dace da shi, da RAM irin wanda madabod ɗin ke karɓa, da abin sanyaya shi. Na Intel ba ya shiga soket ɗin AMD, na AMD ba ya shiga na Intel, kuma ko a gida ɗaya soket yana canzawa.

A Intel, zubi na 12, 13 da 14 suna hawa soket LGA1700, kuma akwai madabod mai RAM irin DDR4, akwai mai DDR5, kowanne iri ɗaya yake karɓa. Core Ultra 200 na tebur da ya fito a Oktoban 2024 ya koma LGA1851, DDR5 kaɗai. A AMD, soket AM4 ya fito a 2016 ya ɗauki Ryzen tun daga jerin 1000 har 5000, da DDR4. AM5 ya zo a 2022, DDR5 kaɗai, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da fitar masa da firosesa aƙalla zuwa 2027. Wannan doguwar rayuwar soket na daga cikin abin da na fi yaba wa AMD da shi. Mutumin da ya sayi madabod B450 da Ryzen 5 2600, bayan shekaru ya sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da madabod, ya ɗora 5600 ko 5800X3D, ya samu kwamfuta kamar sabuwa bai taɓa madabod ko RAM ba.

Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka buɗe jerin firosesoshin da yake karɓa. Za ka ga lambar BIOS a gefen kowanne. Yakan faru soket ya dace amma madabod ya ƙi tashi saboda BIOS ɗinsa ya girmi firosesan. Nemi madabod mai maɓallin sabunta BIOS ta filasha ba tare da firosesa a kai ba, zai raba ka da wannan ciwon kai. In kana son ƙara gudu a Intel, sai ka haɗa firosesa mai K da madabod na jerin Z. A AMD madabod na jerin B ma yana bari.

Kada ka manta abin sanyayawa. Core i5-12400 da Ryzen 5 7600 suna zuwa da fankarsu a kwali. Masu K na Intel da X3D na AMD ba sa zuwa da komai. Yanzu jera farashi huɗun nan a layi ɗaya ga kowane ɓangare, ka tara. Sau da yawa wanda ya fi araha shi kaɗai ba shi ne ya fi araha a jimla ba. In kuma kana da RAM na DDR4 mai kyau a hannu, wannan kaɗai zai iya karkatar da kai zuwa AM4 ko LGA1700.

Mataki na shida: wuta da zafi

Lambar wat da ake rubutawa a kwali ba ita ce iyakar abin da firosesa ke sha ba. Core i9-13900K an rubuta masa wat 125, amma Intel da kansa ya bayyana cewa yana kai 253 in aiki ya yi nauyi. Ryzen 9 7950X an rubuta masa 170, shi ma yana haura hakan. Duk wat ɗin da ya shiga zafi yake komawa, zafin kuma sai an fitar da shi, in ba haka ba firosesan zai rage gudu da kansa don kare lafiyarsa.

A laftof abin ya fi tsanani. Laftof biyu masu firosesa iri ɗaya sak za su iya bambanta sosai a aiki, saboda ɗaya siririya ce an taƙaita mata wuta, ɗayar tana da fanka biyu da wadatar iska. Don haka a laftof nemi sharhin wannan samfurin laftof ɗin da kansa. Ka kuma duba ko RAM ɗin layi biyu ne, kamar sanda biyu masu aiki tare, domin sashen hoton da ke cikin firosesa da RAM yake aiki, sanda ɗaya tak tana rage masa ƙarfi ƙwarai.

Mataki na bakwai: duba gwaji, amma gwajin aikinka

Zuwa yanzu ya kamata zaɓinka ya ragu zuwa biyu ko uku. Nemi sakamakonsu a manhajojin gwaji na Cinebench ko Geekbench, ka lura kowanne lamba biyu yake bayarwa, ta ƙwaya ɗaya da ta dukkan ƙwayoyi. Ta farkon ce ke nuna yadda kwamfuta za ta riƙa amsa maka a aikin yau da kullum, ta biyun ta masu aiki mai nauyi ce. Kada ka gwada lambar wani zubin Cinebench da ta wani zubin, ma'auninsu ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi duk wannan shi ne ka samu inda aka gwada su a kan manhajar da ke takardarka. Karanta wuri biyu ko uku masu zaman kansu, ka bar jadawalin da kamfani ya nuna ranar ƙaddamarwa, don kowane kamfani inda ya fi ƙarfi yake nunawa. In tazarar ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari ba, ba za ka ji ta a hannu ba, ɗauki mai sauƙin kuɗi ko mai ƙarancin shan wuta.

Mataki na takwas: bincika matsalar da aka sani

Rubuta lambar firosesan a manemin intanet tare da kalmar matsala. A Yulin 2024 Intel ya amsa cewa wasu firosesoshin tebur na zubi na 13 da 14 suna karɓar ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke sa kwamfuta ta riƙa tsayawa ko mutuwa ana cikin aiki. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a garantin waɗanda abin ya shafa. Gyaran yana hana lalacewa nan gaba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. In sabo za ka saya daga waɗannan zubi, sabunta BIOS tun ranar farko. In na hannu ne, musamman i7 ko i9, ni dai ba zan ba ka shawarar saye ba sai da rasit da sauran garanti. AMD ma ya sha tasa a 2023, lokacin da aka samu wasu 7000X3D sun ƙone a soket saboda yawan lantarki, shi ma da sabunta BIOS aka toshe.

Mataki na tara: ranar saye

In laftof ce ko haɗaɗɗiyar kwamfuta, kada ka yarda da sitikar da ke jiki, ana iya liƙa ta ko'ina. Kunna ta, danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga sashen Performance, taɓa CPU. Cikakken sunan firosesan zai fito a sama ta dama, yawan ƙwayoyinsa a ƙasa. Gwada da abin da ka rubuto. Manhajar CPU-Z kyauta ce, tana ƙara nuna ƙira da soket da ko RAM na aiki a layi biyu.

In firosesa ne shi kaɗai, duba hatimin kwali, ka tabbata lambar da ke jikin kwalin ta yi daidai da wadda aka zana a kan murfin ƙarfen. Na AM4 ƙananan allurai ne a ƙasansa, ɗaga shi saitin haske ka karkata shi a hankali, layukan su tafi a miƙe, in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga ta fita daga sahu. Na Intel da na AM5 ƙasansu a shafe yake, alluran suna cikin soket ɗin madabod, don haka can za ka haska, kuma kada yatsanka ya taɓa su. Wajen ɗorawa, akwai ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya na firosesan da irinta a soket, daidaita su ka sake shi ya zauna da nauyinsa, ba a dannawa. Bayan ka tashi kwamfutar, sa manhajar HWiNFO ta nuna maka zafi, ka kunna Cinebench na minti goma. In ta gama ba ta mutu ba, gudun bai faɗi warwas ba, lambar da ta bayar kuma ta yi kusa da wadda ka gani a sharhi, ajiye kwalin da rasit ɗin har garanti ya ƙare.